Gida Tara da Mabuɗin Harafi

Idan tsohuwar laya ta sha jiki har ɗinkin baduku ya saki, abin da ke cikinta yakan fito fili: 'yar takarda da aka ninke ta ƙanƙance, an naɗe ta da zare, tawadar ta koma ja-ja saboda daɗewa. A Maraɗi da Tibiri da garuruwan da ke bin gulbi har Jiratawa, in aka warware irin wannan takarda, sau da yawa zane ne mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance, kowane gida da harafinsa. Daga dama, layin sama ba ne da ɗa mai hannu da dal. Na tsakiya zaira da ha babba da jim. Na ƙasa wau da alif da ha ƙarami. Gardin da ya sauke Alƙur'ani zai kira sunan kowane harafi ba gargada, amma in aka ce ya haɗa baƙi ya karanta, sai ya tsaya, domin babu kalmar da za ta fito.

Lambobi ne sanye da rigar haruffa. A lissafin abajada alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har ɗa mai hannu da ke tsaye a matsayin tara. In aka mayar da haruffan nan lambobi, layin sama ya zama 2 da 9 da 4, na tsakiya 7 da 5 da 3, na ƙasa 6 da 1 da 8. A tara ta ko'ina, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Haruffan kusurwoyi huɗu, wato 2 da 4 da 6 da 8, su suka ba wannan hatimi sunan da aka san shi da shi daga Maroko har Indiya: Buduhu. Malamai da yawa suna jingina shi ga Imamu Gazali.

Aikin bai tsaya nan ba. Malamin da ke son saka suna cikin hatimi yakan fara auna nauyin sunan. Sunan Allah, alif da lam biyu da ha, nauyinsa 66. Sai ya cire 12, ya raba saura gida uku, ya sami 18. Daga 18 zai fara cika gidaje bisa tsarin da ya gada, har ya kai 26, kuma kowane layi zai ba da 66 cif. In rabon bai tafi daidai ba, kamar sunan Muhammadu mai nauyin 92, akwai gidan da ake zuba ragowar. Sunan ya ɓace wa ido ke nan, alhali yana nan a kowane layi ga wanda ya san yadda ake tarawa.

Wannan ilimi yana da babban gwani daga ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya tashi a Katsina ta zamanin sarakunan Haɓe, waɗanda jikokinsu suka kafu a Maraɗi bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya kammala littafi a kan yadda ake gina hatimai masu gidaje mara, irin su uku sau uku da biyar sau biyar, ciki har da dabarar cika gidaje ta hanyar bin tsallen doki na wasan dara irin na Larabawa. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masu tarihin lissafi a yau suna ambaton sunansa idan ana zancen masana lissafi na Afirka. Shi kuwa, kamar sauran malaman fanninsa, ya gargaɗi ɗalibi da ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya baza shi ga kowa. Wannan gargaɗi yana da nasa farashi, za a zo kansa.

Abajada ba ta laya kaɗai ba ce. Marubuta waƙoƙi na ƙarni na 19, su Nana Asma'u da tsararrakinta, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalma guda wadda nauyin haruffanta shi ne shekarar da aka yi waƙar. A nan ne ake ganin amfanin mabuɗi ƙarara, domin abajada iri biyu ce. Ta Gabas tana ba shin 300, tana ba angai 1000. Ta Magrib, wadda ita ce malaman ƙasar Hausa suka gada tare da salon rubutunsu da ƙira'ar Warshu, tana ba shin mai ruwa 1000, sin 300, sodi 60, lodi 90. Shi ya sa ramzin waƙoƙin wancan ƙarni yake yawan ɗauke da shin da ra, dubu da ɗari biyu. A ɗauki shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, 1218 ta Hijira, daidai da Fabrairun 1804. Shin da ra da ya da ha ƙarami sun ishe ta: 1000 da 200 da 10 da 8. Wanda ya zo da lissafin Gabas zai tara haruffan nan huɗu ya sami 518, ya mayar da waƙar baya da shekara 700 ba tare da ya yi kuskuren tarawa ko ɗaya ba. Haruffan ba su canza ba, yarjejeniyar da ke tsakanin mai rubutu da mai karatu ce ta bambanta.

Irin wannan yarjejeniya ta cika rayuwar Maraɗi, har ba a lura da ita. Baƙon da ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, ya tsaya sayen zogale wurin matan Jiratawa, aka ce masa dala ashirin, Hausa ya ji tsantsa, amma sai an gaya masa dala ɗaya tana nufin sefa 5 kafin ya gane sefa 100 ake nema, jika kuma 1000. Makaɗin fada a Tibiri, inda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa sabon mazauni bayan yaƙin Gawakuke na 1836, yakan buga taken mai sarauta, ɗan gari ya ji suna da kirari a ciki saboda ganga tana bin hawa da saukar muryar Hausa, baƙo kuwa kiɗa kawai ya ji. Buzaye masu saukowa daga wajen Dakoro suna da tifinag, rubutun da a tsohon salonsa ba a cika sa wasula ba, ba a kuma raba kalmomi, har samari da 'yan mata sukan mai da shi wasan wasa ƙwaƙwalwa.

Sai zaurance, makarantar farko ta kowane ɗan Hausa a wannan fanni. 'Yan mata a dandali sukan cusa gaɓar banza bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi", su yi ta zuba da sauri har babba ya rasa kan zancen. Wasu juya gaɓoɓi suke yi, gida ya zama "dagi", rana ta zama "nara". Masaniyar harshe 'yar Nijar, Ousseina Alidou, a kan irin waɗannan wasannin harshe cikin harsuna shida na Nijar ta rubuta kundin digirinta na uku a 1997. Abin sha'awa shi ne, manyan dabarun rubutun sirri na duniya suna nan cikin wasan yaran nan da allon malam: ko a cusa abin da ba shi da ma'ana don a ɓatar da sawu, ko a sauya wa haruffa gurbi, ko a musanya kowane harafi da wata alama.

Musanyar ce ta fi daɗewa a hannun masu mulki. Marubucin Rum Suetonius ya ruwaito cewa Yuliyas Kaisar yakan gusa kowane harafi gaba da taki uku in zai rubuta sirri. Da wannan dabara, a jerin baƙaƙen Faransanci da ake koyarwa a lakkol, Maradi zai koma Pdudgl. Ido ya ga shirme. Amma a dubi harafin d da ya fito sau biyu, daidai inda a take. Rigar ta canza, tafiyar mai rigar ba ta canza ba.

Wanda ya fara rubuta yadda ake kama wannan tafiya shi ne Yakubu al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9. A risalarsa kan fito da ɓoyayyen rubutu ya bayyana cewa kowane harshe yana da haruffan da ya fi so. A Larabci alif da lam ne kan gaba. Don haka mai son warware saƙo sai ya ƙirga alamomin da ke cikinsa, wadda ta fi yawa ya zarge ta da zama alif, mai bi mata lam, ya yi ta gwadawa har kalmomi su fara tsayuwa. Risalar ta yi ƙarnoni a ɓoye cikin taskar littattafai a Istanbul kafin masana su buga ta a Dimashƙu a 1987. Da al-Kindi zai sami saƙon Hausa na boko, da aikinsa ya zo da sauƙi, domin harafin a ya yi wa sauran fintinkau, kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, ga kuma "da" da "na" da "ya" da "ta" suna ta maimaita kansu a kowane layi. Harshe yana da ɗabi'ar da mai shi ba ya ji, kuma ita ce take tona shi.

Akwai wata kafa kuma, ita ce ladabi. Ana ba da labarin cewa Khalilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara ma'aunan waƙar Larabci da mawaƙan Hausa suka ara, ya warware wata wasiƙa ta hanyar ƙaddara cewa da sunan Allah ta fara. Bismilla da gaisuwa da addu'ar rufewa, duk abin da aka san dole mai wasiƙa ya rubuta, tsani ne ga mai leƙe. Bayansu Ibn Adlan da Ibn al-Duraihim, dukansu mutanen Mosul, suka faɗaɗa fannin, har al-Ƙalƙashandi ya tattara shi a kundinsa na aikin magatakarda, Subh al-A'sha, mai juzu'i 14, wanda ya kammala a 1412. Cikin wannan kundi ɗaya, tare da babin rubutun sirri, akwai kwafin wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391, yana kai ƙarar Larabawan da ke kama mutanensa suna sayarwa. Ke nan magatakardan da suka karanta wasiƙun Afirka ta Yamma a Alƙahira suna da ilimin nan a kan teburinsu.

Wasiƙun sarakunan ƙasar Hausa kuwa, waɗanda suka iso hannunmu, Larabci ne a sarari. Kariyarsu hatimin sarki da amincin jakada, kuma abin da ya fi nauyi sau da yawa a bakin jakadan yake. Larabcin kansa ya zama katanga a ƙasar da masu karanta shi kaɗan ne, amma katangar ba ta tsaya wa baƙo mai tafinta ba. Da sojojin Ingila suka shiga Sakkwato a Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. An fassara su, H. F. Backwell ya buga su a 1927, kowa ya karanta abin da sarakuna suka gaya wa juna game da zuwan Nasara.

A Turai, inda sarakuna suka daɗe da ajiye ma'aikatan buɗe wasiƙun juna, kokawar mai ɓoyewa da mai tonawa ta ci rayuka. A 1586 Sarauniya Maryamu ta Sikotlan, tana tsare, ta riƙa aika saƙonni cikin alamomi ana ɓoye su a murfin ganga. Thomas Phelippes ya warware su, aka same ta da hannu a shirin kashe Sarauniya Elizabet ta Ingila, aka fille mata kai a Fabrairun 1587. A Janairun 1917 Ingila ta warware wayar Zimmermann, wadda Jamus ta nemi Meziko ta haɗa kai da ita a kan Amurka, kuma tonuwarta na cikin abubuwan da suka ja Amurka cikin yaƙi. Sai na'urar Enigma ta Jamus, wadda ke sauya tsarin musanya da kowane harafi da aka danna don ƙirgar al-Kindi ta rasa madafa. Matashin masanin lissafi na Folan, Marian Rejewski, ya gano tsarin cikinta a ƙarshen 1932, Alan Turing da abokan aikinsa suka ɗora a Bletchley Park. Abin da ya taimake su har da tsohuwar kafar nan ta Khalilu: rahoton yanayi da sojojin Jamus ke aikawa kullum da kalmomi kusan iri ɗaya, da kuma aibin na'urar cewa ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa.

Tsakanin waɗannan aukuwa, a 1883, wani malamin harsuna a Paris, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar da ta raba fannin da tsohuwar hanya. A ganinsa, tsarin sirri nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki ba zai amfana ba, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. A bayyana dabara ga kowa, a ɓoye mabuɗi kaɗai.

Nan hanyarmu ta rabu da tasu. A al'adar asiri ta ƙasar Hausa dabarar ce ake ɓoyewa. Malami ba ya ba da sirrin hatimi sai ga ɗalibin da ya daɗe yana hidima, kuma ko a kundi ya rubuta, yakan bar wani mataki a cikinsa don kada wanda ya tsinci takarda ya yi aiki da ita ba da izini ba. Akwai hikima a ciki, domin an ɗauki ilimin a matsayin abu mai kaifi da ba a miƙa wa yaro. Amma abin da aka ɓoye ba a gwada shi, ba a gyara shi, kuma ranar da mai shi ya kwanta dama ba tare da ya sami magaji ba, kundin ya zama takardun da 'ya'ya ke tsoron taɓawa har gara ta gama da su. Dabarar da aka baza a fili kuwa, duk mai basira yana kai mata hari, wadda ta tsira ita ake dogara da ita. Tsarin AES da ke tsare bayanan bankuna a yau gasa aka yi a bainar jama'a, wasu masana biyu 'yan Beljiyam suka ci, aka amince da shi a 2001, kuma kowane ɗalibi zai iya karanta yadda yake aiki daga farko har ƙarshe.

Maganar halaccin laya da hatimi tsohuwar muhawara ce. Ibn Khaldun ya soki ilimin sirrin haruffa tun ƙarni na 14, kuma a Maraɗi ta yau, inda wa'azin Izala ya yi ƙarfi, mutane da yawa sun juya masa baya. Wannan hukunci na malaman addini ne. Sai dai abin takaici ne a zubar da lissafin tare da abin da ake jayayya a kansa. Cewa hatimi mai gida 25 yana ba da 65 a kowane layi gaskiya ce da ba ta da ɗariƙa. Ɗalibin lissafi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya cancanci ya ji sunan al-Katsinawi a aji, kuma dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, tarin da Boubou Hama ya assasa, suna bukatar matasan da suka iya warware ramzi da abajadar Magrib don a san shekarunsu.

Matsala guda ta rage wa masu rubutun sirri har cikin shekarun 1970: yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yarda a kan mabuɗi, alhali duk hanyar da za su aika shi akwai mai saurare? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna mafita, a 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA. Misalinsa kwaɗo ne da ɗan kasuwa zai rarraba a buɗe. Duk mai son aiko masa da kaya ya sa a akwati ya danna kwaɗon, amma mabuɗin bai taɓa barin aljihun mai shi ba. Kwaɗon a nan lissafi ne mai sauƙin shiga mai wuyar fita. Yaron firamare zai ninka 43 da 47 ya sami 2021. A ba shi 2021 a ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Lambobin da ake amfani da su a yau suna kai tsawon alƙaluma 617, kuma babu kwamfutar da aka sani ta iya farke irinsu.

Duk wannan yana cikin aljihun Alhazan Maraɗi da 'yan kabu-kabu da masu lambu a Jiratawa. Tun Afrilun 2016 kowane saƙon WhatsApp, na rubutu ko na murya, a kulle yake fita daga waya, ba ya buɗewa sai a wayar wanda aka aika wa. Dillalin da ke gaya wa abokin cinikinsa na Dawanau farashin wake da riɗi yana samun kariyar da Kaisar da sarakunan Turai ba su taɓa samu ba, ko da bai iya karatun boko ba.

Sai dai ɓarayin zamani sun daina wahalar da kansu da lissafi. Ɗan ci-rani ya aiko da kuɗi daga Agadas ko Kwatano, kamfanin aika kuɗi ya ba shi lambar karɓa, ya turo ta cikin saƙon murya. Tsohuwa a Tibiri ba ta iya latsa waya ba, sai ta miƙa wa wani yaro a bakin titi, ya kunna saƙon da ƙarfi, duk wanda ke zaune a rumfar ya ji suna da adadi da lamba. Wani kuma kira zai samu daga mai murya mai ladabi, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya ce daga ofis yake, an sami matsala a asusu, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Da yawa daga asusun WhatsApp da ake sacewa ta wannan hanya suke tafiya, kuma da zarar an karɓe asusun, sai a bi 'yan'uwa da abokan cinikin mai shi ɗaya bayan ɗaya ana roƙon rance da sunansa.